Neman Wuta a Cikin Ruwa: Kwana Biyu a Ƙasar Daura

Taubashina ne ya jawo mini wannan tafiya. Ɗan kawuna ne, yana da shagon naɗin koyil da gyaran janareta a Daura, kuma tun muna yara in ya ga abu yana juyawa ba ya samun barci sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Wani dare cikin Janairu, sanyi ya kankama, sai ga bidiyo ya turo mini ta WhatsApp. Wasu Turawa ne suka zura wani ƙarfe mai farfela cikin magudanar ruwan noman rani, ruwa na wucewa abinsa, farfela na juyawa, ƙwayayen lantarki sun kama tar. Ya biyo da saƙon murya: "Malam Fiziks, ka gani ko? Kana nan kana shaƙar alli, mutane na tatsar wuta daga kanal. To na haɗa nawa. Ka zo ranar Juma'a da ɗan littafin nan naka ka sha kallo."

Ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da fiziks a wata sakandare cikin birnin Katsina. Duk shekara sai na zana wa ɗalibai Kainji a kan allo, in ce an gama ta a 1968, in ce ruwa ke faɗowa ya juya injin, injin ya juya janareta, su kwafa, in ba su maki. Amma ban taɓa naɗe wando na shiga ruwa mai gudu da tef ɗin awo a hannu ba. Ga wanda ya ajiye biro tun ƙaramar sakandare yana kirana in zo in ga darasina da ido. Na ce masa ina nan tafe, ya tanadi kuɗin sharar da nake binsa na shekara biyu.

Ana saukowa daga masallaci na kama hanya ta Ƙofar Durɓi, cikin wata Sharon da ta ga jiya ta ga yau. Hazo ya lulluɓe gari, ko filin jirgin sama ba ka hango shi sai ka zo daf. Hanyar Daura da rani ba ta cika abin kallo ba: gonaki an kwashe amfani, harawa an ɗaure an ɗora kan itatuwa don kada dabbobi su kai gare ta, sai gawo da ya yi shar shi kaɗai alhali kowa ya zubar da ganyensa. Jefi-jefi ka ga tsibin jar ƙasa na aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi.

A Mashi wani mutum ya shigo rungume da injin ban ruwa ɗan inci biyu, ya ɗora shi a cinya kamar mai kai yaro asibiti. Manomin tugande ne. Ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya mayar da injin kan tukunyar gas, yanzu kuma gas ɗin ma ya bi sahu. "Ai Malam, ba kanmu muke yi wa noma ba, gidan mai muke yi wa ƙodago." Da ya tambaye ni abin da zai kai ni Daura na gaya masa, sai ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Wuta a cikin ruwa? To, Allah ya ba da sa'a." Irin muryar da ake yi wa wanda aka fara shakkar kansa ce.

Na tarar da Injiniya, haka kowa ke kiransa a layinsu, tsugune a ƙofar shago, hannu baƙi ƙirin da baƙin mai. Bai ko bari na sha ruwa ba ya ja ni ciki ya yaye wani buhu.

Gaskiya abin ya burge ni, ko da yake ban nuna masa ba. Gargaren keke biyu ya samo ya jera su a kan sandar ƙarfe ɗaya, tsakaninsu kamar kamu ɗaya. Ya tsaga bututun roba mai faɗi gida biyu, ya yanka shi gunduwa-gunduwa, ya ɗaure guda goma sha biyu kewaye da gargaren, kowanne kamar ludayi mai jiran ruwa. Sandar na zaune kan boris biyu na wani mataccen injin niƙa. A gefe ya yi waldar fuli babba, fanbel ya tashi daga nan zuwa ƙaramin fuli, shi kuma yana maƙale da kan fankar sama. Wannan kan fanka shi ne abin alfaharinsa. Ya fasa shi, ya sake naɗa koyil ɗin da waya mai kauri, ya liƙa maganaɗisu zagaye da cikinsa, ya mayar da abin da ke shan wuta ya juya ya koma abin da ke juyawa ya ba da wuta. Ya ce da farko altanetar mota ya gwada, sai ya gane ita sai an yi mata gudu na fitar hankali kafin ta yi tari, kuma tana bukatar batir ya fara ɗora ta. Ya murza gargaren da hannu, wani ɗan ƙwai mai bolt 12 ya lumshe ido ya buɗe.

"Ka gani? Da hannu ma ke nan. Ina ga ruwa?"

Na ce masa hannunsa ya fi ruwan kanal ƙarfi. Ya yi dariya har da buga cinya, a zatonsa wasan taubasantaka ne. Ni kuwa da gaske nake, sai dai ban tabbata ba tukuna.

Da magariba muka ɗaure injin a bayan babur muka nufi ƙauyen Kawu. Ƙasar Daura, duk da rairayinta, ba ta rasa madatsun ruwa ba. Kowa ya san Sabke da Daberam, akwai kuma ƙanana na ƙasa da aka tare ƙorama da su nan da can. A gindin ɗaya daga cikin ƙananan Kawu yake da lambu, kwamin albasa da tumatir da 'yar alkama. Bayan tuwo na tambaye shi ko za mu iya fita da asuba mu gwada.

Ya ce, "Kun taki sa'a, gobe Asabar. Da Lahadi kuka zo sai dai ku juya abin naku da baki."

Ashe sau biyu ake buɗe geti a mako, Asabar da Talata, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya, don ruwan ya kai su ƙarshen rani. Kawu ya ce mutanen Daura ba baƙin layin ruwa ba ne, tun zamanin da macijin Kusugu ke hana ɗiba sai ranar Juma'a. "Mu namu macijin ya fi sauƙin kai, kwana biyu yake ba mu, kuma yana karɓar goro." Sannan ya gyara zama ya daina dariya. Ya ce kafin mu sa ko tsinke a cikin ruwan nan sai mun je mun gaida shugaban ƙungiyar manoman, domin ruwan ba nasa ba ne, ba kuma na Injiniya ba. Muka je a daren. Dattijon ya saurare mu har ƙarshe, ya yi tambaya ɗaya tak: "Abin naku yana shan ruwa?" Muka ce ko ɗigo, wucewa kawai ruwan zai yi. Ya ce to mu gwada, amma in ya ji ƙara daga wajen wani, magana ta ƙare.

Sanyin bakin dam da safe wani abu ne daban, yana shiga har ɓargo. Mun isa kafin mai geti. Kanal ɗin a bushe yake, daɓen siminti ne da ya tsattsage, ƙasansa yashi da busasshiyar gainsakuka da ledojin fiya wata. Can sai ga wani tsoho a kan keke, da wani ƙarfe mai kama da sitiyari ɗaure a kariya. Ya yi sallama, ya hau kan ginin, ya zura ƙarfen, ya yi bisimilla ya fara murzawa. Geti ya yi ƙara kamar ƙofar zaure da ta shekara ba a buɗe ba.

Ban taɓa ganin farkon zuwan ruwa a kanal ba sai ranar. Ba ya zuwa da hayaniya. Wani harshe ne baƙi-baƙi yake rarrafowa, yana tura tarkace a gabansa: kara, leda, kashin awaki, silifa wari ɗaya. Ƙasa na tsotsarsa tana ƙyas-ƙyas, yara na bin sa a guje suna ihu. Sai bayan kamar rabin sa'a ya washe ya daidaita.

Nan na fito da kayan aikina, tef da agogon waya da totuwar masara. Faɗin ruwan mita ɗaya, zurfinsa santimita 40. Na auna mita goma a bakin kanal, na sa wani yaro ya saki totuwa daga sama, na danna agogo. Daƙiƙa ashirin. Na sake har sau uku, ba ta canja zane ba. Wato rabin mita a daƙiƙa, tafiyar tsohuwa mai dawowa daga unguwa. In an rage don ruwan ƙasa ya fi na sama nawa, abin da ke wucewa zai kai lita 160 a kowace daƙiƙa. Ruwa ne mai yawa ga mai kwamin albasa. Ga mai neman wuta kuwa, na zauna a kan dutse na buga lissafi, gabana ya faɗi saboda Injiniya.

Ruwa mai gudu yana da ƙarfi, babu musu, ya fi iska nauyi wajen sau 800, shi ya sa 'yar ƙaramar farfela a ruwa take yin aikin ƙatuwa a iska. Amma ƙarfin nan yana da wata muguwar ɗabi'a: gudun ake ninkawa da kansa har sau uku. In ruwa na tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa, ka tare shi da abu mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, ƙarfin da ke wucewa ta wurin wat 500 ne. In gudun ya ninka zuwa mita biyu, ba dubu ɗaya zai koma ba, 4,000 zai koma. In kuwa ya ragu zuwa rabi, irin namu, sai ya ruguzo zuwa sittin da 'yan kai. Ludayin Injiniya da ke cikin ruwa bai wuce santimita 50 da 25 ba, rabonsa wat 8. Kuma babu injin da ke kwashe duka, mafi kyawun farfela a sararin ruwa ba ta wuce kashi 59 cikin 100. Boris ya ci nasa, fanbel ya ci nasa. Abin da zai rage ko wayar salula ba zai cika ba.

Ban gaya masa ba. Gani ya kori ji.

Muka gicciya katako biyu a kan kanal, muka sauke injin har ludayan suka nutse. Ya juya. Wallahi ya juya, yara suka yi shewa, Injiniya ya dube ni yana washe baki. Da ya ɗora fanbel sai gargaren ya yi kamar an riƙe masa wuya, ya ja sau biyu ya tsaya cik. Ya sassauta bel, ya zuba mai, ya tura da hannu. Mitarsa ta nuna bolt 3, ta koma 2. Wata leda ta zo ta naɗe ludayi ɗaya, gainsakuka ta bi bayanta.

Abin da ya yi daga nan dabara ce mai kyau a wurin da bai dace ba. Ya ce ruwan ne ke zagaye injin, bari ya matse shi. Ya samo fallen kwano biyu ya kafa hagu da dama, ya bar wa ruwa ƙaramar ƙofa. Nan take gudu ya ƙaru, ƙwai ya kama ja-ja kamar garwashi. Muna tsaye muna murna, ba mu lura da abin da ke faruwa a bayanmu ba. Ruwan da aka matse ba ɓacewa yake yi ba, taruwa yake. Ya hau, ya hau, har ya sami wata tsaga a leɓen siminti ya zarce cikin kwamin wani bawan Allah da ya dasa albasa shekaranjiya. Kafin mu farga kuma sai ga wani a kan keke daga can ƙurya, inda gonakin ƙarshe suke, yana tafe yana faɗa tun daga nesa. Shi dama ruwa sai azahar yake isa gare shi, in ya isa, yau kuma ya ga ya ja baya.

"Wane ne ya tare? Wane ne? Mu da muke wutsiya kullum mu ne marayu! Yanzu kuma da injin za a zo a shanye mana?"

Injiniya ya fara bayanin cewa injin ba ya shan ruwa. Kawu ya daka masa tsawa ya yi shiru, ya shiga ruwan da kansa da tsufansa ya fizge kwanon ya jefar. Ya ba mutumin haƙuri, ya ba mai albasa haƙuri, ya ce yaransa ne, kuma shi ya kawo su. Na ji kunyar da ban ji irinta ba tun ina ɗalibi. Mun ce ko ɗigo ba za mu taɓa ba, kuma a lissafi gaskiya muka faɗa. Amma manomi ba lita yake ƙirgawa ba, sa'a yake ƙirgawa, da tsawon ruwa a bakin kwaminsa.

Tsohon mai geti yana gefe duk abin nan yana cin goro. Da ƙura ta lafa ya matso ya ce, "Samari, in ƙarfin ruwa kuke nema, me ya zaunar da ku inda yake barci? Ku biyo ni."

Muka bi shi kamar tafiyar minti goma. Tun kafin mu isa muka fara jin sauti. Wuri ne da ƙasa ta yi gangara, magina suka yi wa kanal ɗin mataki: ruwa ya zo a shimfiɗe, ya faɗa ƙasa tsawon ƙirjin mutum cikin wani akwatin siminti, ya yi kumfa ya tafasa, sannan ya fita a natse ya ci gaba. Su magangara suke ce masa. Baba ya ce yana cikin leburorin da suka zuba kankaren wurin yana saurayi.

Na ce, "Baba, me ya sa ba a bar shi ya bi gangarar kawai ba?"

"Ya cinye kanal ɗin? Ai ruwa in ka sake masa linzami, siminti ma ƙwaƙule shi yake. Shi ya sa ake tafiyar da shi a hankali, in an zo gangara a jefa shi rami ya fasa kansa, ya huce, ya fito da ladabi. Wannan akwatin don a karya shi aka yi."

Na daɗe a tsaye ina kallon kumfar nan. Abin da nake karantarwa da alli ne tsoho ya faɗa mini da bakin goro, kuma ya fi ni iya faɗa. Kanal da gangan aka hana shi gudu. Duk ƙarfin da gangarar ƙasa ta ba ruwan, a irin wannan mataki ake tara shi a zubar, ya tafi a kumfa da ƙara. Wanda ya ɗebi wuta a nan bai tare wa kowa ruwa ba, bai rage wa na wutsiya komai ba, abin da ake zubarwa ya tsinta.

Na auna faɗuwar, mita ɗaya da santimita 20. Lissafin faɗuwa ya fi na gudu sauƙi, har na koya wa Injiniya a tsaye: kowace lita ɗaya da ta faɗo mita ɗaya a daƙiƙa, kusan wat 10 ce. Lita 160 a wannan tsawo ta doshi wat 1,900. Ko rabi aka kama, ana maganar 900. Ruwa ɗaya, kanal ɗaya, tafiyar minti goma tsakani: can wat 8, nan kusan dubu biyu.

Ba sabon abu ba ne a duniya, mu ne bai iso mu ba. A Indiya, babban kanal ɗin da aka ja daga kogin Ganga aka buɗe a 1854 yana da irin waɗannan matakai, daga baya aka bi su aka dasa tashoshin lantarki a kansu. A Renala ta ƙasar Pakistan akwai tashar da wani injiniya mai suna Ganga Ram ya gina kan kanal a 1925, megawat ɗaya da ɗan ɗori, don ya ɗaga ruwa zuwa gonakin da ke kan tudu. Da na ba Baba wannan labari sai ya ce, "To su ruwansu kullum yake zuwa ko ranar Asabar?" Na ce sai na bincika masa, muka yi dariya, amma tambayar ta zauna mini.

Wannan karon sai da muka aika aka kira shugaban ƙungiya ya zo ya tsaya. Muka sauke injin ƙasan matakin, muka ɗaure shi da igiya jikin wasu turaku. Injiniya ya lanƙwasa kwanon nan da ya jawo mana zagi ya yi indararo da shi, ya tari wani sashe na ruwan ya zuba shi kan ludayan daga sama. Gargaren ya zabura kamar an tsikari doki. Ruwa ya yi mana wanka daga kai har ƙafa, cikin sanyin nan, ba wanda ya matsa. Ya ɗora fanbel, injin ya ɗan nisa, ya ci gaba da gudu. Mita ta haura 12, ta tsaya wajen 14. Ƙwai uku suka kama fari fat da rana tsaka. Da muka haɗa batirin babur muka auna abin da ke shiga, ya kama wajen wat 40.

Arba'in daga cikin dubu da ɗari tara. A aji da na ba shi sifili da jan biro. A bakin magangara kuwa na rungume shi da jiƙaƙƙiyar riga, shi kuma yana ta ihu, "A gaya wa alli! A gaya wa alli!" Mutumin ƙurya da ya zo da faɗa ɗazu shi ya fara miƙo wayarsa. Kafin la'asar wayoyi tara ne jere kan buhu suna jiran layi, Injiniya ya yanko cajar mota ya haɗa. Aikin da ya fi cin rai shi ne tsince shara. Duk minti kaɗan sai leda ko kara ya toshe indararon, sai da muka sa yaro guda ya tsaya da sanda ba abin da yake sai wannan. Duk wanda zai yi abin nan da gaske, kafin ya sayi janareta ya fara tanadar raga da mai share ta.

La'asar na yi Baba ya hau kekensa ya koma wajen geti. Ba a jima ba sautin magangara ya fara sanyi, gargaren ya rage gudu, ya yi juyi biyu na ban kwana ya tsaya. Rana na shirin faɗuwa, daidai lokacin da mutum ke bukatar fitila, ruwa ya tafi sai Talata.

A bukkar lambun Kawu muka yi hirar dare, da ƙwai ɗaya a jikin batirin da ruwa ya cika. A nan na yi wa Injiniya lissafin da ba ya so. A ce ya ƙera injin kirki, irin mai ganga da ruwa ke ratsawa ta ciki, wanda mai walda nagari zai iya haɗawa, ya kama wat 900 ɗin nan. Ko a ce geti na yin sa'a goma a buɗe, yunit 9 ke nan a yini, 18 a mako. Faifan sola mai wat 300 a ranar ƙasar nan yana ba da kamar yunit ɗaya da rabi kullum, goma da rabi a mako. Faifai biyu sun shafe shi, ba leda, ba gainsakuka, ba mai zuwa da faɗa a keke. Ga shi su shekara suke yi suna aiki, kanal kuwa wata huɗu ne ko biyar ya bushe. A Gujarat ta Indiya ma tun 2012 suka fara shimfiɗa faifan sola a saman kanal, ya ba da wuta ya kuma yi wa ruwa inuwa.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To in ruwan ba ya tsayawa fa?"

Nan kam gaskiya tasa ce. Wat 900 dare da rana ya haura yunit 21, aikin faifai goma sha huɗu, kuma da tsakar dare ma yana bayarwa ba sai an tara a batir ba, alhali batir shi ne abin da ke kashe mai sola. Saboda haka a ganina abin ba ƙarya ba ne, wuri yake zaɓa. Yana son ruwan da ke gangarowa da kansa, mai yawa, mai daɗewa, da mataki a hanyarsa, irin babban kanal ɗin da ya taso daga Tiga ya shayar da Kadawa da Kura. Inda kuwa sai injin ya ɗaga ruwa sama kafin ya shiga kanal, kamar a Jibiya, ɗibar wuta daga gare shi tamkar ka sayi goro da tsada ne ka sayar da araha, sai dai a nemi wutar a bakin dam ɗin kansa, inda ruwa ke fita da nauyinsa. An daɗe ana ambaton Zoɓe da Jibiya cikin madatsun da gwamnatin tarayya ke son a sa wa ƙananan injinan lantarki. Mu mutanen Katsina da muka shekara da shekaru muna wuce farfelolin samar da wuta daga iska na Lambar Rimi a hanyar Kano mun koyi jiran ganin ƙwai ya kama kafin mu yi guɗa.

Kawu, da muke zaton ya yi barci, ya yi gyaran murya daga kan tabarma. Ya ce shi bai san yunit ba. Abin da ya sani, masu kwana gadin tumatir suna sayen batirin tocila duk mako, kuma cajin waya sai an aika yaro cikin gari an biya. In abin nan zai cika batir biyu ranar Asabar, biyu ranar Talata, ba tare da ya jiƙa albasar kowa ba, shi zai yi wa shugaba magana a bar shi. "Amma kai," ya nuna ɗansa da carbi, "ka sake kafa kwano a hanyar ruwan mutane, da kwanon zan rufe ka."

Ƙwan ya fara dushewa wajen sha ɗaya da rabi. Muka kashe shi don a bar wa asuba.

Ranar Lahadi na dawo Katsina da rabin buhun albasa, da mura, da littafin lissafina da ya kumbura ya yi kore a gefe. Kuɗin shara kuwa Injiniya ya ce in cire daga wutar da na kalla kyauta. Bai raka ni tasha ba, ya wuce kasuwar Mai'aduwa neman bututun ƙarfe mai kauri da zai tsaga ya yi fikafikan ganga. Tun daga ranar kusan kullum sai ya kira: fiffike nawa za a sa, faɗin gangar inci nawa, fulin ya ƙara ko ya rage. Ina amsa wanda na iya, sauran in ce ya ba ni kwana biyu in duba.

Jiya da dare ya turo wani saƙon. Ganga ta haɗu, ya yi raga da tsohon gadon ƙarfe, shugaba ya yarda. Sai dai ruwan dam ya ja baya, ƙungiya ta zauna ta mayar da ranakun geti Litinin da Alhamis, daga hantsi zuwa azahar kawai. Duka ranakun biyu ina da 'yan aji shida da safe.